Takin da Na Ƙona

A gidan da na yi aure tukwane ake ginawa. Mahaifiyar mijina, wadda duk gidan muke ce wa Inna, ita ce maginiyar, kuma ban cika wata uku da tarewa ba ta dire mini curin yumɓu a gaba ta ce in murza. Na ce mata ni fa na yi makaranta har aji uku na sakandare. Ta ce to madalla, sai in murza shi da ilimi. Haka na fara, ina kumbure-kumbure, lallen amarci bai ma gama barin farcena ba.

Ban san ranar da abin ya shiga raina ba. Na dai wayi gari na ga in kwana biyu suka wuce ban taɓa yumɓu ba, hannuna yana ƙaiƙayi. Malam, wato mijina, shi yake ɗebo mana yumɓun a kan jaki daga wani rami da ke bakin fadama. Mu kuma mu jiƙa shi, mu daka tsingaron tsofaffin tukwane mu tankaɗe mu zuba a ciki, mu tattake da ƙafa har ya yi laushi. Akwai wata tsohuwar randa da Inna ta gada a wurin tata surukar. Ita muke kifewa, mu barbaɗa mata toka, mu shimfiɗa yumɓu a bayanta muna bubbugawa da ɗan katako har ya ɗauki siffarta. In ya sha iska sai a ɗaga a juya, a ɗora kafaɗa da wuya, a shafa jan ƙasa, a goge da 'ya'yan kuka da aka shirya a zare. Duk randar da ta fita daga gidanmu cikinta irin na wannan tsohuwar ne, shi ya sa masu saye suke gane tamu tun daga nesa.

Wanda bai taɓa sana'a a cikin gida ba yana zaton hutu ne. Tsakar gidanmu guda ɗaya ce, a nan ake girki, a nan ake shanya, a nan awaki suke yawo, a nan kuma ɗanyun tukwane suke shan iska. Sai in gama randa tun hantsi, bayana yana ciwo, in shiga ɗaki in ba yarinya nono, in fito in tarar da sawun kaza a wuyanta, ko akuya ta soshe jikinta da ita ta lotsa. Kasuwa kuma ba ni nake zuwa ba. Malam ne yake ɗaure kayan a kan jaki ranar kasuwar Bici, abin da ya dawo da shi shi ne farashi, ko na ji daɗi ko ban ji ba. Ga jarka, ga bokitin roba, ga tukunyar dalma sun cika ko'ina. Tulu da tukunyar miya tuni suka mutu a hannunmu. Randa kaɗai ta rage, ita ma don ba a yi robar da take sanyaya ruwa ba.

Amma babban ciwonmu wuta ce. A yankinmu babu daji. Gona ta haɗu da gona tun daga bayan katangar gida har inda ido ya tsaya, kowace bishiya da mai ita, kowane kara da aikin da yake jiransa, ko danga ko abincin dabba ko murhu. Don haka da kandilo muke gasa tukwane, wato busasshen kashin shanu, a haɗa da ɗan kara da ƙaiƙayi. Kashin shanun nan kuwa shi ne abincin gona. Gonar Malam ɗaya ce, ta gado, ba ta taɓa hutawa ba tun zamanin kakansa, in ba a ba ta taki ba ba ta ba ka komai. Shanu biyu na huɗa muke da su, a ɗaure a bayan ɗaki. Duk rani ana tara abin da suka zubar a tsibi guda, in bazara ta kawo kai Malam ya yi ta jigila da mangala yana jerawa a gona. Tun asali Inna tana da kasonta a ciki, a ware mata busasshen da ke sama, in mun gama gashi a mayar wa gona tokar. Lokacin da takin zamani yake da sauƙi ba wanda ya damu da wannan kaso. Da kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, sai tsibin nan ya zama abin da Malam yake fara dubawa in ya dawo daga masallaci da safe.

A shekarar da nake ba da labari abu biyu suka haɗu. Mai gonar da ramin yumɓu yake ciki ya rasu, aka raba gado, wanda ramin ya faɗo a kasonsa ya cike shi ya kewaye da danga ya ce shinkafa zai shuka. Ban ga laifinsa ba, ƙasa ta yi wa kowa kaɗan, amma na zage shi a zuciyata har na gaji. Sai kuma azumi ya faɗo a tsakiyar zafi, lokacin da kowa yake neman ruwan sanyi. Wani Alhaji mai sarin tukwane, wanda ya daɗe yana saye a hannun Inna, ya yi sallama a zaure ya ce randuna yake so, ko nawa muka iya ginawa zai kwashe, zai zo da mota ana saura kwana uku a kama azumi. Rabon da wani ya ce mana ko nawa har na manta.

Malam ya samo mana yumɓu a wani sabon kududdufi da masu gyaran hanya suka haƙa suka bari. A ido kyakkyawa ne, baƙi, ga danƙo. A lokacin idon Inna ya yi rauni, ta daina gini, sai dai ta zauna a bakin ɗakinta tana ba da umarni. Na kai mata curi. Ta murza a tsakanin yatsunta, ta ɗan lasa, ta tofar.

"'Yar nan, akwai farar tsakuwa a cikinsa."

"Na gani, Inna, ina tsincewa."

"Wadda kike gani kike tsincewa. A ba shi kwana bakwai."

Wannan dokarta ce, ita ma a wurin surukarta ta same ta. Duk yumɓun da ba a saba da shi ba, sai a gina ɗan kasko da shi, a gasa shi sosai a wutar kandilo, a cika shi da ruwa a ajiye a gindin randa. In ya yi kwana bakwai lafiya, sannan a yarda da yumɓun. Takan ce ai ko jariri sai ya kwana bakwai ake raɗa masa suna. Na duba na ga kafin kaskon ya bushe, a gasa, a jira bakwai ɗin, sama da mako biyu sun tafi, Alhaji kuwa ba zai ɗage azumi saboda ni ba.

"Inna, in muka tsaya wannan, sai dai mu sayar da randa bayan salla, lokacin da ruwan sama ya sanyaya wa kowa gari."

"To ki jiƙa shi ya narke, ki tace da rariya."

"Wannan ai ya fi bakwai ɗin daɗewa."

"Ni dai na faɗa."

Na tashi ina ce wa raina tsufa ne kawai, ta rasa ƙarfin yi ta koma hana mai yi. Ina da saurin fushi, wannan kowa ya sani, kuma a lokacin gani nake hannuna ya wuce nata.

Na duƙufa. Randa ashirin da huɗu na gina cikin mako uku. Tsakar gida ta cika har sai a karkace ake wucewa zuwa madafi, awaki na ɗaure su suna ta kuka, tuwo ya sha ƙonewa. Sai da suka bushe sannan na fuskanci abin da nake ta kau da kai daga gare shi, cewa kason Inna na kandilo ko randa biyar ba zai gasa ba.

Na sami Malam da hantsi yana ɗinke mangala, don a makon nan ya yi niyyar fara kai taki. Na durƙusa a gabansa, abin da ban cika yi ba, shi ma sai da ya ɗago ya dube ni.

"Malam, alfarma nake nema."

"Ina ji."

"Ka ba ni takin bana in yi gashi."

Ya ajiye basillar. "Duka?"

"Na shanun duka. In Alhaji ya kwashe kayan nan sai ka sayi takin zamani, ga toka kuma a kai."

"In bai kwashe ba fa?"

"Shi da bakinsa ya ce ko nawa."

"Inna me ta ce?"

"Ta ce Allah ya sa albarka."

Ƙarya na yi. Ban gaya masa zancen farar tsakuwa ba, Inna kuma tana cikin ɗaki ba ta ji ba. Ya daɗe yana kallon tsibin. Malam mutum ne mai sanyi, in abu ya dame shi sai ya yi ta shafa gemu. Daga ƙarshe ya ce, "Abincinmu na shekara ne fa kike roƙo, uwar yara." Na ce na sani. Ya ce to Allah ya sa mu dace, ya naɗe mangalar ya rataye.

Kwana uku muna baje tsibin a rana don ya ƙarasa bushewa. Ranar gashi, bayan la'asar, muka jera randunan a filin bayan gida baki a ƙasa, muka lulluɓe su da kandilo da kara, muka rufe da ƙaiƙayi, Malam ya yi bisimilla ya cinna. Ban taɓa yin wuta irin wannan ba. Tun daga ƙofar gari ake hango hayaƙin, maƙwabta suna leƙowa ta kan danga. Wani tsoho da yake wucewa ya tsaya ya dafa sandarsa ya ce, "Malam, gonarka ce fa take ci da wuta." Aka yi dariya, Malam ma ya yi. Da safe muka tone toka, ko ɗaya ba ta fashe ba. Jajaye ne, da ɗan baƙi a kafaɗa inda wuta ta lasa, in ka ƙwanƙwasa su amsa kamar ƙarfe. Na kinkimi ɗaya na kai wa Inna, na ƙwanƙwasa mata a saitin kunne da gangan. Ta shafa cikin randar ta ce ta yi kyau, sannan ta ce a zuba ruwa.

Na zuba. Saura kwana biyar Alhaji ya zo. Kwana ɗaya lafiya, kwana biyu lafiya, ina ta yi wa Inna tsiya, in kai mata ruwan a moɗa in tambaye ta ko yana ɗanɗanon tsakuwa. Safiya ta uku na fito na ga ƙasan gindin randar a jiƙe. Na duƙa. Jikinta ya yi ƙananan ramuka kamar zanzana, a tsakiyar kowane rami da ɗan farin gari, ɓawon da ya ɓalle yana zube a ƙasa. Na sa yatsa a ɗaya, yatsan ya shige ciki. Daga baya Inna ta bayyana mini cewa wuta mai ƙarfi takan dafa farar tsakuwar ta koma kamar alli, in ta sha ruwa sai ta kumbura ta ture bangon. Wato wutar nan da nake taƙama da ita, ita ta ƙarasa ɓarnar.

Ga abin da na fi jin kunyar rubutawa. Na ɗauke randar na ɓoye a bayan rumbu, na share wurin, na dubi sauran ashirin da uku, lafiyarsu lau tunda ba su taɓa ruwa ba. Na ce a raina Alhaji zai loda ya tafi, su watsu a kasuwanni, kafin su nuna halinsu mun riga mun sayi taki. Na yi wa kaina fatawa iri-iri. Na ce ai shi mai hali ne, ni kuwa 'ya'yana uku, na ce ai ba lallai duka su yi haka ba. Da Inna ta nemi ruwan sabuwar randa na ce akuya ta kwance ta ture ta.

Ranar da Alhaji ya zo, motarsa ta tsaya a ƙofar gida, Malam ya fara fitar da kaya zuwa zaure. Ina tsaye a bayan ƙofar ciki ina jin Alhaji yana ƙwanƙwasawa yana yabo. Sai na ji ƙarar sandar Inna a bayana. Ta wuce ni, ta lalubi bango, ta leƙa zauren.

"Alhaji, barka da zuwa."

"Inna, ina kwana? Ai 'yar taki ta fi ki hannu."

"Ta fi ni. Amma sabon yumɓu ne, ba mu ba shi kwanakinsa ba. Ɗaya da muka zuba wa ruwa ta zube, tana can bayan rumbu. Kada ka ɗauka."

Ashe ta bi ta laluba ta gano. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Alhaji ya yi salati, ya ce Allah ya saka mata da alheri, ya ce to bari ya ɗauki biyu ya gwada. Ta ce ko ɗaya. Motarsa ta juya wayam yadda ta zo. Bai sake dawowa ba, daga baya na ji ya koma sarin robobi.

Ranar na yi wa Inna abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga mata murya a gaban ɗanta. Na ce ta zaɓi sunanta a kan cikin jikokinta, na ce in yunwa ta zo sai ta dafa mana gaskiyar tata mu ci. Ta bari na gama tas, sannan ta ce, "Matar da za ta sayi randar nan, 'yar nan, da azumi a bakinta za ta buɗe ta tarar ba ruwa." Ta juya ta koma ɗaki. Malam tambaya ɗaya ya yi mini, ko Inna ta yi maganar yumɓun tun farko. Na ce ta yi. Ya shafa gemu ya fita. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Duk da haka ban cire rai ba, ina cewa wataƙila rabinsu su tsira. Cikin azumi aka yi yayyafin farko, na bar su a waje suka sha. Bayan kwana uku kowacce ta fito da zanzanarta, wasu ma ina ɗagawa gindin ya zauna a ƙasa. Ko tsingaronsu ba shi da amfani, don in aka daka aka zuba a wani yumɓun cutar za ta bi shi. Malam ya kwashe ya cike wani kwari da ke ƙofar gida, har yau a kansu muke takawa in za mu fita. Tokar kuwa sawu uku ya yi ta ƙare, alhali taki mako biyu yake yi yana jigilarsa.

Tsakiyar damina aka yi rasuwa a wani ƙauye kusa da mu, na bi mata muka tafi gaisuwa, hanya ta bi da mu ta gefen gonarmu. Geron maƙwabta kore shar, ya kai kafaɗa. Namu rawaya, iya gwiwa, ƙuduji mai kashe hatsi ya fito a gindinsa yana ta fure. Iyakar gonarmu da ta maƙwabci ba sai an nuna maka ba. Matan da muke tare duk sun san dalili, tunda sun ga hayaƙin, sai kowacce ta kama wani zance daban. Na ja mayafi na rufe fuska, na yi kuka ba wanda ya tambaye ni, don gaisuwar mutuwa za mu.

Da kaka abin da muka samu bai kai rabin rumbu ba, kafin sanyi ya fita mun ga ƙasansa. Inna ta fara cewa ita ba ta jin yunwa da rana, ta tura wa yara kwanonta. Na san ƙarya take yi, kuma duk ranar da ta yi sai in tuna tawa. Malam ya sayar da sa ɗaya muka sayi hatsi. Sa ɗaya ba ya huɗa, ciyar da shi kuma ya gagara, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Da rani Malam ya tafi kasuwar hatsi ta Dawanau dako, mutumin da bai taɓa kwana a wani gari ba, yana ɗaukar buhunan geron wasu a ka da furfurarsa. Na nemi gafarar Inna a lokacin, ta ce ba komai, ta ce ita ma da ƙuruciya ta taɓa fasa kaya. Ta ce dai in kula da tsohuwar randa kada yara su hau. Ba ta ga damina ta gaba ba.

Mutane sukan ce mini in sake gwadawa, ai hannun yana nan. Hannun yana nan, har yau yana ƙaiƙayi. Amma ramin yumɓu ya zama gonar shinkafa, mai sari ya koma robobi, turken shanu ba shanu. Ko an ba ni yumɓu mai kyau kyauta ban san da me zan gasa ba.

Da bazara ta kawo kai Malam ya dawo, ya rame, wuyansa ya yi kanta. Ya share turken awaki, ya haɗa da ɗan kandilon da ya riƙa tsinta a hanya inda shanun wasu suka bi, ya tara a inda tsibin yake a da. Duka-duka bai cika mangala biyu ba. Ina wanke-wanke ina satar kallonsa, sai na ga ya ware busasshen da ke sama ya ajiye gefe, yadda ake ware wa Inna. Ya kira ni.

"Ga kasonki, uwar yara, ko za ki gasa ɗan kasko."

Na dubi fuskarsa ko gatse yake yi mini. Ba gatse ba ne, da gaske yake.

"Mayar, Malam."

"Ɗan kaɗan ne fa, ba zai rage komai ba."

"Mayar."

Bai motsa ba, sai na durƙusa na kwashe da hannuna na zuba masa a mangalar, har da garin da ya zube a ƙasa. Ya kora jakin ya fita. Tsohuwar randar tana nan kife a bayan ɗaki, ban sake barbaɗa mata toka ba.